CIWON SAINUS A LOKACIN HUNTURU: KAFIN KA ƊURA WA HANCINKA WANI ABU, KARANTA WANNAN



  

Tun da hazon nan ya sauko, saƙonnin da ke shigo mini kusan duk iri ɗaya ne. Wannan ya ce hancinsa ya toshe yau mako biyu. Wancan ya ce in ya yi sujada ji yake kamar goshinsa zai tsage. Wata baiwar Allah ta ce ta daina jin ƙamshin miyar da ita kanta ta dafa. Kowa kuma ƙarshen saƙonsa ɗaya ne: "Malam, wane haɗi zan yi?"

To, yau zan faɗi ra'ayina a fili, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Mafi yawan masu wannan ciwo, abin da suke buƙata yana nan a cikin gidansu: ruwa mai tsafta, gishiri da wutar tafasa shi. Kuma da yawa daga cikinmu, maganin da muke yi wa hancin shi ne yake hana shi warkewa.

Kwanakin baya wani magidanci, maƙwabcina, ya zo wurina yana magana ta hanci. Muna cikin gaisawa sai ya zaro 'yar kwalbar maganin ɗigawa daga aljihu ya ɗiga, kamar mai cin goro. Na ce, "Alhaji, tun yaushe kake amfani da wannan?" Ya ce tun hunturun bara. Wata goma sha ɗaya ke nan! Murar da ta sa ya fara ta daɗe da tafiya, kwalbar ce yanzu take toshe masa hanci, shi kuma yana ganin ita ce take buɗe shi. Irin wannan ne ya sa na ce bari mu zauna mu yi maganar nan da kyau.

*MENE NE SAINUS ƊIN?*

A cikin ƙasusuwan fuskarka Allah ya halicci wasu ramuka masu ɗauke da iska, kashi huɗu, kowanne dama da hagu. Akwai na cikin kumatu, su ne mafi girma. Akwai na goshi, saman gira. Akwai ƙanana a tsakanin idanu, sai kuma na can ciki, bayan hanci. Kowane rami yana da 'yar siririyar ƙofa da take buɗewa zuwa cikin hanci.

Cikin ramukan nan shimfiɗe yake da wata fata mai laushi da take fitar da majina kullum, ko kana da lafiya. Aikin majinar shi ne kama ƙura da ƙwayoyin cuta. Akwai kuma wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, suna share majinar suna tura ta ta ƙofar zuwa hanci da maƙogwaro, kana haɗiye ta ba tare da ka sani ba.

In wannan fata ta kumbura, sai ƙofar ta toshe. Majina ta taru a ciki ba hanyar fita, kamar kwatar da shara ta toshe. Daga nan ne ake samun nauyin fuska, ciwon goshi ko kumatu da ke ƙaruwa in an sunkuya, majina mai kauri, kaki yana gangarowa maƙogwaro da daddare, warin baki, wani lokaci har haƙoran sama su riƙa ciwo alhali lafiyarsu ƙalau.

Ka riƙe wannan, domin duk maganar yau a kansa take: aikin magani shi ne ya sassauta kumburin, ya tsinka majinar, ƙofar ta buɗe. Duk abin da zai ƙona fatar nan ko ya ƙara mata kumburi, ko da sunansa mai albarka ne, ƙara toshe ƙofar zai yi.

*ME KE KAWO SHI?*

Na farko shi ne mura ta yau da kullum. Mafi yawan kumburin sainus daga ƙwayar cutar mura yake, wato bairos, kuma yakan lafa da kansa cikin kwana 7 zuwa 10. Wanda yake rikiɗewa ya zama na bakteriya a wurin manya kaɗan ne ƙwarai, bai fi kashi 2 cikin 100 ba.

Na biyu ƙura. Wannan hazon da muke gani daga Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas ce take ɗebo shi daga Sahara, kuma kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi yake tasowa. Iskar busasshiya ce, tana busar da cikin hanci, majina ta yi kauri, gasun nan masu shara su kasa aiki.

Na uku hayaƙi: na itacen girki, na janareto, na taba, na maganin sauro mai ci da wuta, da kuma turaren wuta. Uwargida, ki yi haƙuri, dole in faɗa. Ki rufe ɗaki ruf ki turnuƙe shi da turare, ga maigida ko yaro mai ciwon hanci a ciki, wallahi kin ƙara masa kwana a ciwon.

Akwai kuma masu borin jini, waɗanda da sun shaƙi ƙura, gashin kyanwa ko turare mai ƙarfi sai atishawa ta ɓarke. Akwai wanda ruɓaɓɓen haƙorin sama ne ya kai cutar cikin ramin kumatu, wannan sai an gyara haƙorin zai huta. Wani kuma tsiro ne a cikin hanci, ko ƙashin tsakiyar hancin ya karkace.

*MAGANI NA ƊAYA: RUWAN GISHIRI*

Na sa shi a gaba saboda a cikin duk magungunan gida na wannan ciwo, shi ne wanda likitocin hanci da kunne da maƙogwaro suka fi ba da shawara a kai. Mu Musulmi kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kullum muna shaƙa ruwa mu face a alwala. Ya tabbata a hadisin Laƙiɗ bin Sabira, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da a kai matuƙa wajen shaƙa ruwan, in ban da mai azumi. Haka nan ya tabbata a Bukhari da Muslim an koyar da wanda ya tashi daga barci ya wanke hancinsa ya face sau uku. Sai ga shi yau da yawanmu taɓa ruwan kawai muke yi a bakin hanci mu wuce, musamman da asuba in sanyi ya kankama.

Yadda za ka haɗa:

1. Ka samo ruwa rabin lita, wato daidai ledar fiya wata guda mai 50cl.
2. Ka tafasa shi sosai, ya yi aƙalla minti ɗaya yana tafasa, sannan ka sauke ya huce ya zama ɗumi-ɗumi.
3. Ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a shafe, kada a yi masa tozo. Ka juya ya narke. In ka ɗanɗana ya kamata ka ji shi kamar hawaye.
4. Ka sayi babban sirinji a kemis, ka cire allurar ka ajiye ta inda yara ba za su kai ba.
5. Ka sunkuya, ka karkatar da kai gefe, ka buɗe baki kana numfashi ta baki. Ka tura ruwan a hankali ta kafar hancin da ke sama, zai fito ta ɗaya kafar. Ka juya ka yi ɗaya ɓangaren.
6. Ka face a hankali. Face mai ƙarfi yana tura majina cikin kunne.

Safe da yamma ya isa. Kullum ka haɗa sabo, ka wanke sirinjin ka bar shi ya bushe. Kada ka ƙara kanwa, lemun tsami ko wani gari a ciki. In kana ciwon kunne ko hancin ya toshe gaba ɗaya ruwa ba ya wucewa, ka dakata. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa baki.

Maganar tafasa ruwan nan ba wasa ba ce. Akwai wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi marar tsafta, wadda in an sha ba ta komai, amma in ta shiga can saman hanci tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take faruwa ba, amma ta kashe mutane a birnin Karachi na Pakistan da kuma Amurka. Don haka ruwan kududdufi da ruwan tankin da ya daɗe ba a wanke ba, kada a tura su cikin hanci.

Jarirai kuma ba a yi musu da sirinji. A sayi ruwan gishiri na ɗigawa da ake sayarwa a kemis, a ɗiga ɗigo biyu a kowace kafa kafin a ba su nono.

*MAGANI NA BIYU: SIRACE*

Iyayenmu sun san wannan tun da daɗewa. Ka zuba ruwan zafi a roba mai faɗi, ka jefa ganyen na'a-na'a ko ganyen bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti, ka lulluɓa da tawul ka shaƙi tururin minti goma. Sirace yana sassauta majina, ya ba ka sauƙin numfashi na ɗan lokaci. Ba ya kashe ƙwayar cutar, don haka kada ka ɗora masa abin da ba aikinsa ba.

Abin da nake roƙo shi ne a kiyaye ƙuna. A bar ruwan ya ɗan sarara bayan an sauke, a ajiye robar a ƙasa inda ba za ta kife ba. Yara ƙanana kuwa kada a lulluɓe su a kan ruwan zafi, sam. Motsi ɗaya yaro zai yi ruwan ya kwaro masa a cinya, a tashi daga maganin mura a koma jinyar ƙuna. Shi yaro a jiƙa tsumma mai tsafta da ruwan ɗumi, a matse, a ɗora masa a goshi da kumatu. Babba ma wannan gashin yana rage masa nauyin fuska.

*MAGANI NA UKU: ABIN SHA MAI ƊUMI*

A lokacin sanyi ba ma jin ƙishi, sai mutum ya wuni bai sha ruwa kofi uku ba, alhali iskar tana ta busar da shi. Majina kuwa in jiki ba ruwa kauri take yi. Ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba.

Ka dafa ɗanyar citta da kanumfari guda uku ko huɗu, ka tace, in ya huce kaɗan ka matsa lemun tsami ka sa zuma cokali ɗaya. Allah ya ambaci warakar da ke cikin zuma a Suratun Nahli, kuma tana kwantar da tarin da kakin nan mai gangarowa yake tayarwa da daddare. Farfesun kaza mai citta da tafarnuwa da masoro shi ma yana buɗe hanci. Habbatussauda kuma a daka kaɗan, kamar rabin ƙaramin cokali, a gauraya da zuma a lasa da safe.

Amma a kula. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya zuma ba, ko ɗigo. Mai ciwon suga ya yi hattara da ita. Mai gyambon ciki ya rage citta da lemun tsami. Mai juna biyu ta tsaya a kan abin da aka saba sa wa a abinci, kada ta shiga shan haɗe-haɗe sai ta tambayi likitarta.

*MAGANI NA HUƊU: MAN KAƊE*

In cikin hanci ya bushe yana tsagewa har ana haɓo, a lakaci man kaɗe mai kyau ɗan kaɗan a shafa a bakin kafar hanci daga ciki. An taɓa yin wani ƙaramin bincike a Jami'ar Legas, aka buga shi a 1979, wanda ya nuna man kaɗe yana rage toshewar hanci. Shafawa na ce, 'yan uwa. Ban ce a narka a ɗura ba.

*MAGANAR ƊURA MAGANI A HANCI*

Na san wani zai ce, "Malam, ai ɗura magani ta hanci ya zo a sunna." Gaskiya ne, ban musa ba. Ya tabbata a Bukhari daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya yi amfani da maganin da ake sawa ta hanci. Hadisin Ummu Ƙais bint Mihsan ya zo da maganar ƙusɗul hindi da ake sa wa yaro ta hanci saboda ciwon maƙogwaro. Kuma a Bukhari akwai labarin Ibnu Abi Atiƙ da ya ziyarci Galib bin Abjar yana jinya, ya ba da shawarar a niƙa ƙwayar habbatussauda biyar ko bakwai a ɗiga masa a hanci da ɗan mai.

To ka duba da kyau: ƙwaya biyar ko bakwai. Ka kwatanta da abin da ake yi yau, mutum ya kwanta rigingine a tuttula masa man habba mai yaji, wanda ba a san ma da me aka gauraya shi a kasuwa ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya yi bayani a Zadul Ma'ad cewa magani yana amfani ne in ya dace da cutar kuma aka ba da shi daidai gwargwado, in ya wuce kima sai ya koma wata cutar. Wannan ita ce ƙa'idar da muka yar.

Mai in ya yi yawa a hanci yana iya gangarawa cikin huhu, musamman ga jarirai da tsofaffi, ya haifar da ciwon huhu mai wuyar magani. Shi ya sa shawarata ita ce habbatussauda a sha ta ta baki, hanci kuma a bar shi da ruwan gishiri. Wanda ya yi haka bai bar sunna ba.

*ABUBUWAN DA ZA A DAINA*

Cusa tafarnuwa a hanci, ko matsa ruwanta ko na albasa. Ruwan da kake gani yana zuba bayan ka cire ta, hancin ne yake kukan ƙunar da aka yi masa, ba ciwon ne yake fita ba.

Shaƙar garin taba ko wani garin da ake sayarwa wai yana fitar da majinar ƙwaƙwalwa. Babu majina a ƙwaƙwalwa. Atishawa ce kawai yake sa ka, ya bar fatar a kumbure.

Tura man zafi cikin kafar hanci. A ƙirji ake shafa shi, kuma ba a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba.

Zarcewa da maganin ɗigawa ko fesawa mai buɗe hanci nan take. Kada ya wuce kwana 3 zuwa 5. In ya wuce haka hancin yakan saba, da ƙarfinsa ya sake sai ya toshe fiye da da, kamar yadda ya faru da maƙwabcina. Wannan daban yake da maganin fesawa na rage kumburi da likita yake rubuta wa masu borin jini, wanda shi ana daɗewa ana amfani da shi.

Sayen kafso a kemis da an ga majina ta yi kore. Launin majina kaɗai ba ya nuna bakteriya. Antibayotik ba ya kashe bairos, kuma shan sa barkatai, yau biyu gobe ɗaya, shi ke sa ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Mai hawan jini kuma ya tambaya kafin ya sha ƙwayoyin mura, domin wasunsu suna ɗaga jini.

*RIGA-KAFI A GIDA*

Maigida, in za ka hau babur ko ka shiga kasuwa ranar da hazo ya yi yawa, ka sa takunkumi ko ka ja rawani ka rufe hanci. In ka dawo ka wanke hancin. A yayyafa ruwa kafin a yi shara, a goge kayan ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa. Barguna da rigunan sanyi da aka ciro daga akwati a wanke su a shanya a rana kafin a yi amfani da su. A turara ɗaki lokacin da ba kowa a ciki, a buɗe taga hayaƙin ya fita. A koma gidan sauro a rage kunna mai hayaƙi. Janareto a nesanta shi da taga. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, wannan ma ya wuce maganar hanci, rai yake ɗauka. A koya wa yara wanke hannu da sabulu, domin mura tana yawo ta hannu a gida. Mai ciwon kuma ya ƙara matashi ya ɗaga kansa in zai kwanta.

*YAUSHE ZA A TAFI ASIBITI?*

Ka je ka ga likita in ciwon ya wuce kwana 10 ba sauƙi, ko ka fara samun sauƙi sai ya dawo da ƙarfi, ko zazzaɓi mai zafi ya haɗu da ciwon fuska kwana uku a jere. In ya kai mako 12 yana nan, ko yana yawan dawowa, ka nemi likitan hanci da kunne da maƙogwaro ya duba ciki. Wanda kuma kullum yake cewa sainus ne ke sa shi ciwon kai, amma hancinsa a buɗe yake, ciwon ɓari guda ne kuma haske yana damunsa, ya je a duba shi, sau da yawa ciwon ɓarin kai ne.

Yaron da majina mai wari take fito masa ta kafa ɗaya kawai, a yi zaton ya cusa wani abu, wake ko gyaɗa ko dutsen ado. Kada a sa tsinke, a kai shi a cire.

Waɗannan kuma ba a kwana da su a gida, ko tsakar dare ne:

• Kumburi ko ja a kewayen ido, ko ido ya turo waje
• Gani biyu-biyu ko gani ya ragu
• Kumburi a goshi
• Ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya
• Ruɗewa, yawan barci ko jijjiga

Ƙashin da ya raba ramukan nan da ido siriri ne ƙwarai, kuma ƙwaƙwalwa tana kusa. Cutar tana iya tsallakawa, yaro ya rasa ido. Ga shi kuma ƙarshen hunturu da shigowar zafi lokacin sanƙarau ne a ƙasarmu. Mai ciwon suga da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su ma kada su jinkirta. Zuwa asibiti bai saɓa wa tawakkali ba, yana cikin riƙo da sababi.

Shi maƙwabcin nawa, da ya je asibiti likita ya raba shi da kwalbar a hankali, ya ɗora shi a kan ruwan gishiri da wani maganin fesawa. Ya sha wuya makon farko, amma yanzu alhamdulillahi yana barci da bakinsa a rufe.

Don Allah a tura wa 'yan uwa, musamman iyaye mata masu ƙananan yara. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, mu kuma ya ƙara mana. Amin.